Ƙullutun Ƙarfen da Na Sa Aka Goge

Na taɓa raba wani mutum da hannuwansa, ban kuwa ɗauki wuƙa ba. Alli na ɗauka. Hannuwan suna nan a jikinsa har yau, yatsu goma cif, yana cin tuwo da su, yana alwala da su, amma ya daina yarda da su, kuma ni na jawo. Shekara talatin da ɗoriya na yi ina koyar da Fiziks a makarantun sakandare, mafi yawan shekarun a Ƙanƙara, kuma a duk abin da na taɓa zanawa da alli babu wanda ya yi tasiri kamar wani ɗan gicciye da na yi a jikin faifan ƙarfe wata ranar Asabar a 'Yankara.

Mutumin taubashina ne, ɗan Gwaggo, yayar mahaifina. Ya girme ni da shekara huɗu. A Tafoki muka tashi, gida na kallon gida. Wanda ya san taubasantaka ya san ba a maganar kirki a cikinta. Ni ina cewa bawana ne, shi yana cewa ni ne nashi, kuma har yau ba a samu alƙalin da ya yanke shari'ar ba. Da aka kai ni boko aka bar shi, sai ya laƙaba mani Malam Takarda. Da ya buɗe gareji a 'Yankara na rama, na ce mashi Injiniyan Gwangwan. A haka muka girma, muka yi iyali, ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ya riga sallama ba.

Bai yi boko ba, amma Allah Ya ba shi tafin hannu. Ba ya kwance inji sai ya dafa shi tukuna, kamar yadda uwa ke dafa goshin ɗanta ta gane ko zazzaɓi ne ko rigima. Masu injin niƙa daga Faskari, masu injin ban-ruwa daga fadamu, direbobin da ke lodin masara ranar kasuwa, duk wurinsa suke zuwa. Sai ya ce a tayar, ya ɗora hannu, ya lumshe ido, can ya ce, "Boris ɗin baya ne, ya kusa watsewa." A kwance, a tarar haka ne. Na taɓa tambayarsa yadda yake yi, don in samu abin faɗa wa ɗalibai. Ya ce, "Kai ƙaƙa kake gane ruwan wanka ya yi zafi? Littafi kake buɗewa?"

Maganar jirgi kuwa tun muna yara ta kama shi. Wata shekara da tsuntsayen jan-baki suka addabi gero, aka turo wani ɗan ƙaramin jirgi yana feshi. Ya sauko ƙasa-ƙasa a kan gonakin Tafoki har muka ga fuskar matuƙin. Mu duka muka ruga gida da kuka, shi ya bi jirgin da gudu har sai da ƙaya ta tsayar da shi. Tun daga ranar bai warke ba. Mutum ya yi aure, ya aurar, furfura ta fara keto mashi, amma da jirgi ya gifta sai ya saki abin da ke hannunsa ya ɗaga kai. Ya ƙudurta sai ya ƙera nashi jirgin. Bai ce zai je Makka a cikinsa ba. Burinsa ya tashi ko da tsayin rimi ne, ya ga rufin garejinsa daga sama, ya sauko ya ci abinci.

Abin da ya tsare shi shekara da shekaru inji ne. Na mota nauyi gare shi, na babur kuma babu ƙarfi. Sai wata rana ya je Kaduna neman kayan gyara, ya tarar da wani inji a wurin 'yan gwangwan, an ciro shi daga wata motar Japan da ta yi hatsari, an jefar a gefe saboda babu makanikin da ya gane kansa. Ba shi da fistin ko ɗaya. A cikinsa wasu ƙarafa ne guda biyu masu kusurwa uku-uku, kamar layu, suna juyawa a cikin rami mai siffar ɓawon gyaɗa. Gajere ne, mutum biyu sun ɗaga shi, ƙarfinsa kuma ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Ya ɗauko shi a saman buhunan taki, ya yi watanni yana lallashinsa har ya tashi, sannan ya aiko mani da saƙo ta bakin wani direba: a gaya wa Malam Takarda ya zo ya ga abin da babu a littafinsa.

Na je ranar Asabar. Ya ɗaure injin a kan wani bencin ƙarfe, ya cika ƙoƙo da ruwa ya ɗora a gefen bencin. Wannan dabararsa ce idan yana so ido ya shaida abin da hannu ya ji. Ya tayar. Ƙarar ba irin wadda muka saba ba ce, wani kuka ne siriri kamar na taron zuma. Ruwan ƙoƙon ya ɗan yamutsa fuska, ya kwanta.

"Ka gani, bawan gidanmu?" ya ce yana ɗaga murya. "Ko jinjiri aka kwantar a nan, barci zai yi."

"Na gani," na ce. "Saura fiffike da hankali. Fiffiken dai ana iya ƙerawa."

Ya kashe injin, ya ce akwai abu ɗaya da ke damunsa. A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai kauri, wanda makanikai ke kira filawil, yana so ya rage mashi nauyi, don a jirgi ko nauyin ƙwai abin dubawa ne. Ya kwance faifan ya juya mani bayansa. A gefe ɗaya akwai wani ƙullutu, tudun ƙarfe mai siffar rabin wata. A ɗaya gefen babu komai.

"Wanga ƙullutu nike ta kallo," ya ce. "Wanda ya ƙera shi ba mahaukaci ba ne, ba ya zuba ƙarfe gefe guda a banza. Ina jin in bar shi, in rage wani wurin."

Da na yi mashi ba'a a lokacin, da yau babu wannan rubutun. Da na ce ƙullutun ya yi kama da na ƙeyarsa, da ya yi dariya ya bi hannunsa. Amma maganar ta faɗo cikin gonata. Darasi ne da nake koyarwa duk shekara, ina da zanensa a ka. Sai na ji muryata ta sauya ta koma ta gaban allo, muryar da ban taɓa yi mashi magana da ita ba tun da aka haife mu.

Na sa ya zura sandar ƙarfe ta tsakiyar faifan, muka ɗora bakunan sandar a kan wasu ƙarafa biyu masu kaifi da muka daidaita tsayinsu. Na juya faifan na saki. Ya yi lilo, ya tsaya, ƙullutun a ƙasa. Na zaro alli daga aljihu, don malamin makaranta ba ya rabuwa da alli ko ranar Asabar, na yi gicciye a wurin. Na sake juyawa. Gicciyen ya dawo ƙasa. Sau biyar muka yi, sau biyar ya dawo.

"Ka gani?" na ce. "Duk abin da ke juyawa, in dai wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ba shi da lafiya. Lafiyayyen faifai duk inda ka sake shi nan zai tsaya."

"To ai da shi injin ya tashi, ruwa kau bai motsa ba."

"A ƙasa ke nan, yana tafiyar hawainiya. Bari ka buɗe mashi wuta a sama. In gudu ya ninka biyu, fizgar nauyin nan ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Shi zai yago ka daga kujera."

Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, kuma ita ta fi yin ɓarna, don da ita kuskurena ya samu ƙofar shiga. Ya daɗe yana kallona, yana jiran in fashe da dariya. Ban yi ba.

"Da gaske kake, Malam?"

Bai taɓa kirana Malam zalla ba, babu Takarda a bayansa. Na ji daɗin hakan, Allah Ya gafarta mani. Na ce da gaske nake.

"To," ya ce. "Kai ka yi karatun."

Kwana uku ya yi yana goge ƙullutun da giranda. Ya goga, ya ɗora a kan ƙarafan ya juya, ya sauke ya ƙara gogawa. Asabar ta gaba na tarar da faifan sumul kamar bayan tasa, duk inda aka sake shi nan yake tsayawa. Na tafa mashi. Ranar Litinin har na ba ɗalibaina labarin, a matsayin misalin yadda ilimi ke taimakon sana'a. Wasu ma sun rubuta.

Bai sake tayar da injin a kan benci ba, domin bencin ma ya yanka shi ya shiga cikin gangar jirgin. Rani biyu ya yi yana gini. Gangar ta bututun ƙarfe ce da ya haɗa da walda, ƙafafun na babur, fikafikan ya lulluɓe su da tanti ya shafe da fenti. Tunda injin ya fi ƙarfin gudun farfela, sai ya haɗa su da belin injin niƙa guda uku don a rage gudun. Farfelar kuma da kansa ya sassaƙa ta da gizago daga katakon maɗaci, ya lulluɓe bakunanta da kwano.

Ran da ya fara tayar da injin a jikin gangar ina wurin. Ƙoƙon ruwan ya yi tsalle ya kife. Notuna suka shiga kwance kansu muna kallo. Ya miƙa hannu ya dafa injin, ya janye kamar ya taɓa garwashi, ya sake dafawa, ya daɗe.

"Shina mani magana," ya ce bayan ya kashe, "amma ban gane yaren ba."

Tsakanin benci da ganga abubuwa da yawa sun sauya, kuma duk aikin hannunsa ne. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya zargi farfela, ya ɗora ta a kan kaifin wuƙa ya kankare ta har ta daidaita. Girgizar ba ta tafi ba. Ya sassaƙa wata sabuwa. Ya sauya beli. Ya fasa walda ya sake. Faifan ne kaɗai bai taɓa ba, domin wannan mai karatu ya riga ya sa mashi hannu. Sau ɗaya tak, muna zaune a bakin garejin muna cin rake, ya ce, "Ni kau Malam, ko dai ƙullutun nan..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Ƙullutu ya tafi, mun huta da shi. Duba aikin hannunka."

Na faɗe ta ne yadda ake ce wa ɗalibi ya sake duba lissafinsa, har ina tofar da ɓawon rake. Kalmomi uku ne. Na yi maganganu masu yawa a rayuwata, wasu a gaban manyan baƙi, duk na manta da su. Waɗannan ukun ba su tafi ba.

Daga ƙarshe ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa a ƙarƙashin injin, girgizar ta yi kamar ta ragu. Bayan an gama girbi, wata rana da hantsi, aka tura jirgin zuwa wani fili a bayan gari, aka ɗaure wutsiyarsa da igiya a jikin ɗorawa. Ba tashi zai yi ba, so yake ya buɗe wa injin wuta gaba ɗaya ya ji abin da zai ce. Mutane suka taru. Gwaggo, wadda a lokacin tana zaune a gidansa, ta ce sai an kai mata kujerarta ta ga abin da ya hana ɗanta cin abinci da zafi shekara biyu. Aka ajiye ta a inuwar wani marke a gefe, daidai saitin farfela. Ni mai Fiziks ina tsaye kusa, ban ce a matsar da ita ba.

Ya hau, ya tayar, ya fara ƙara wuta. Da farko a tafin ƙafa na ji abin, sannan a gwiwa, sannan a haƙora. Jirgin ya daina zama abu ɗaya a idona, ya zama kamar biyu a haɗe. Na ga ya kai hannu zai rage wuta. Kafin ya kai, ƙarfen da ke riƙe da injin ya tsinke, injin ya karkace, farfela ta daki bututun ganga. Ƙarar ɗaya ce, kamar an fasa babban dutse. Sai shiru.

Rabin farfelar ya tashi ya daki gindin marken, ya yage ɓawon har farin itacen ya fito, taƙi ɗaya sama da kan Gwaggo. Tana zaune yadda aka ajiye ta, ɓaraguzan ɓawo a kan mayafinta. Babu wanda ya motsa. Ta sa hannu ta kakkaɓe mayafin, ta ce, "Ɗan nan, in ka gama a maido mani kujerata gida."

Ya sauko. Bai duba injin ba. Ya taka har gindin marken, ya buɗe yatsunsa ya auna daga saman kanta zuwa tabon. Sau ɗaya ya auna. Sannan ya juya hannun yana kallon tafinsa, kamar wanda aka ba aron abu bai san mai shi ba.

Gari ya ɗauka cewa injin na da aljanu, tunda dama daga motar hatsari aka ciro shi. Na yi wa wannan magana dariya sosai a ɗakin malamai, na ce jahilci ciwo ne. Shi bai yarda da maganar aljanu ba. Da na je duba shi bayan mako ɗaya, na same shi yana mayar wa mutane injunansu, wanda ya gyara da wanda bai gyara ba.

"Ba aljani ba ne, hannuna ne," ya ce. "Na dafa injin nan ya fi sau ɗari. Hannun da bai ji abin da zai kashe uwata ba, shi zan ɗora a motar mutane in ce su ɗauki iyalinsu su tahi?"

Na ce mashi kowa na kuskure. Na faɗa da tausayi irin na wanda bai yi kuskuren ba. Ya rufe garejin ya koma noma. Gwaggo ta ƙara shekara biyu ta rasu a kan gadonta, tsufa ne kawai, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar da maganar marken ba. Shi ma bai tayar ba. Amma ko ƙyauren ɗakinta da ya saki, kafinta ya kira ya gyara.

Sai wannan zamanin ya zo da kowa ya sani, da noma ya koma sai kusa da gari, tafiya kuma sai rana ta take. Tafoki ta yi mana nisa ba tare da ta matsa ko'ina ba. Ya tattara ya koma Sabuwa wurin babbar ɗiyarsa, ba don can ta fi kwanciyar hankali ba, sai don mutum ya fi son ya ji tsoro kusa da 'ya'yansa. Ni kuma na yi ritaya, ɗiyata ta kawo mani babbar waya. Ɗan fansho ba shi da aiki sai tonon tsofaffin ramuka. Wata rana bayan azahar na tuna da injin mai layu biyu, na shiga nema.

Na faɗa kan bidiyon wani tsohon Bature mai farin gemu, a cikin garejinsa, yana harhaɗa ƙaramin jirgi da irin wannan injin sak. Can sai ya ɗago wani abu ya nuna. Ƙullutun ne. Rabin watan nan, ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Ya yi bayani a natse. Layun nan biyu na cikin injin ba a tsakiya suke juyawa ba, kowace a karkace take, ɗaya ta yi nan ɗaya ta yi can, kamar mata biyu na daka a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga waccan ta sauke. Tunda kuma ba wuri ɗaya suke a jikin sandar ba, sai su riƙa jijjiga injin kai da gindi. Don haka maƙeran suka sa ƙullutu ɗaya a gaba, a ɓoye cikin murfi, ɗaya a baya a jikin faifan, su biyun su tare jijjigar. Ba a taɓa auna faifan shi kaɗai ba. Da shi da abin da ke cikin injin aka auna. Wanda duk zai sauya faifan don jirgi, in ji Baturen, dole ya mayar da ƙullutun daidai nauyinsa, daidai wurinsa.

Na tashi na ɗauko tsohon littafin da na koyar da shi shekara talatin. Maganar tana ciki, shafi huɗu gaba da darasin da na yi wa taubashina. Babin da muke tsallakewa ne, saboda ba a cika kawo shi a jarrabawa ba.

Damina biyu na riƙe wannan sani ban kai mashi ba. Na ce hanya ce ta hana. Hanya na da laifuffukanta, amma wannan ba nata ba ne. Na ce kuma ba maganar waya ba ce. A cikin daminan nan biyu, duk ran da maƙwabcina ya tayar da injin niƙa sai in ji abin a haƙorana. Sau ɗaya ta'aziyya ta kai ni 'Yankara, na zagaya bayan garejin. Gangar jirgin na nan, tantin ya ruɓe, kabewa ta hau ta yi 'ya'ya. Na ƙarasa filin. Marken ya haɗe tabonsa, ya bar wani dogon leɓe a jikin ɓawon. Ban daɗe a wurin ba.

Daga ƙarshe na shirya. Muka tashi daga Ƙanƙara bayan rana ta fito, muka bi ta Funtua da Dandume, direban yana ta jaddada cewa kafin la'asar zai juyo, da ni ko babu ni. Na sami taubashina a zauren gidan ɗiyarsa, zaune a kan tabarma, ya rame, gemun ya yi fari fat. A gabansa akwai wata fanka mai aiki da hasken rana, fiffike ɗaya ya lanƙwashe, tana juyawa tana ƙwas-ƙwas, tana ɗan tafiya a kan siminti da kanta.

"A'a!" ya ce. "Bawan gidanmu ne da tsakar rana? 'Yanta ka aka yi, ko gudowa ka yi?"

Na durƙusa na ce, "Ina wuni, Yaya."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa. Ɗiyar ta kawo ruwa da fura ta gaishe ni, ta ga ina kallon fankar, ta ce, "Wata biyu ke nan, Baba Malam. Baba ya ƙi taɓa ta. Mai gyara sai ranar kasuwa, ranar kasuwar kuma ba ya zuwa." Ta koma ciki.

Na ciro wayar na nuna mashi bidiyon, ina fassara mashi. Ya kalla har ƙarshe, ya ce in maimaita. Ya ce, "Baturen nan ya san riƙon sifana." Sai na faɗa mashi komai, ban rage ba. Na ce ƙullutun nan shi ne lafiyar injin. Na ce farfelarsa ba ta da laifi, waldarsa ba ta da laifi. Na ce shi ya ce a bar ƙullutun, ni na sa ya goge. Na ce hannunsa ya gaya mashi gaskiya tun ranar farko, ni na danne shi da littafin da ban ma gama karantawa ba.

Fankar na ta ƙwas-ƙwas. Ya ɗago kai ya dube ni.

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Ba wanda ya ce."

"Ɗiyar nan ta kira ka."

"Ba ta kira ni ba."

"Shekara sittin kana zagina. Yau ka keto hanyar Dandume, ka durƙusa kana ce mani Yaya, ka ɗauko laifina ka aza bisa kanka. Ai ko yaro ya san ran da taubashi ya daina ba'a, to ya hango likkafani."

"Wallahi..."

"Kada ka rantse, Malam, ka jawo wa kanka kaffara a banza. Na gode. Allah Shi bar zumunci. Amma ni ban tuna na ce a bar wani ƙullutu ba."

Ban yi tsammanin wannan ba. Mu biyu ne kaɗai a garejin ranar Asabar ɗin. Shaidar da zan kawo don in wanke shi, shi ne, kuma ya manta.

"Ka faɗa," na ce. "Har sau biyu. Na biyun muna cin rake."

"To a ce ƙullutun ne. Wa ke dafa inji, ni ko kai? Ai hannuna ya kamata ya gaya mani."

"Ya gaya maka!"

"Da ya gaya mani, da ban goge ba."

Na koyar da yara masu taurin kai iri-iri, na san yadda ake zagayo wa gardama ta baya. Wannan na duba ta ko'ina ban ga ƙofa ba. Sai na nuna fankar na ce, "To dafa wannan ka gaya mani abin da ke damunta. In ka faɗa daidai, na yarda a gaban ɗiyarka ni ne bawan."

Ya kalli fankar. Na ga yatsunsa sun motsa a kan gwiwarsa, babban yatsa yana shafar na kusa da shi. Ko ni na ga lanƙwasar fiffiken, balle shi. Sai ya sa ƙafa ya turo mani ita.

"Kai ne mai karatu. Duba mana ita, tunda Allah Ya kawo ka."

Ba da ba'a ya faɗa ba. Har yanzu da ni ya yarda. Na ce mashi ban iya ba, kuma wannan ita ce gaskiya ta biyu da na faɗa mashi a ranar. Ya ce kunya ce irin ta masu ilimi.

Direba ya danna ham a waje. Ya rako ni bakin ƙofa, hannuwansa a goye a baya. Na tattaro abin da ya rage mani na ƙarfi na ce, "Sai wata rana, tsohon banza, Injiniyan Gwangwan." Ya yi dariya, irin wadda ake yi wa baƙo in ya ba da labarin da ba a gane ba.

Yanzu duk Juma'a ina kiransa a waya in zage shi tsaf, ba na fashi, kamar mai shan magani. Yana ramawa, wani lokacin har da ƙarfinsa na da. Na sake gwada tayar da maganar ƙullutun sau biyu, duk sau biyun ya tambaye ni ko an yi ruwa a Ƙanƙara. Makon jiya ɗiyar ce ta ɗauki wayar, na tambaye ta labarin fankar. Ta ce fiffiken ya ƙarasa karyewa, sun jingine ta a bayan ɗaki, ta saya mashi mafici. Da shi yake fifita yanzu, in ji ta, kuma in igiyar bakin maficin ta warware, ita yake miƙa wa ta ɗaure.